Bayan Kwata, Ina Ruwanmu Yake Zuwa?

Tambayi duk wanda ka ga dama a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni inda ruwan shansa yake fitowa, zai ba ka amsa nan take: famfo in an kawo, burtsatsen maƙwabci, kurar ɗan garuwa, ko ledar fiya wata. Ka juya tambayar, ka ce masa ruwan da ya fita daga gidansa fa, ina yake zuwa? Sai ya nuna maka kwata da hannu, magana ta ƙare. A wurin yawancinmu, ruwa in ya ƙetare dokin ƙofa ya zama na wani.

Alhali yana da hanya, kuma hanyar tana da suna. Birnin Kano gangare biyu gare shi. Ruwan cikin gari da Fagge da Sabon Gari yana bin Jakara zuwa arewa maso gabas, ya haɗu da Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, su tafi su taru a madatsar Wasai da ke Minjibir. Namu na kudancin gari kuwa, na Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi da Gandun Albasa da Na'ibawa, yana taruwa ne a rafin Tatsawarki. Rafin Salanta yana kawo masa nasa kason daga masana'antun Sharaɗa, su gangara ta Kumbotso su faɗa Kogin Challawa. A wajen Tamburawa Challawa ke gamuwa da Kogin Kano mai fitowa daga madatsar Tiga, kuma a wannan yankin ne babbar matatar ruwan birni take. Daga nan ruwan ya nufi Wudil, ya wuce Haɗeja da fadamun Nguru, ya bi ta Gashuwa, abin da ya rage ya lallaɓa zuwa Tafkin Chadi. Ruwan wankin da wata baiwar Allah ta watsar a Court Road yana da doguwar tafiya a gabansa, kuma akwai bakuna da yawa a hanya.

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Tarauni mutum sama da dubu 220. An yi shekaru da wannan lissafin, an cike kududdufai an yi gini, filayen da ake ƙwallo sun zama shaguna. Kowane gida yana zubar da ruwan wanka, na wanki, na tukunya. Kowane garejin makanikai yana zubar da baƙin mai. Mahauta da masu wankin mota da masu rini duk kwata ɗaya suka sani. Da damina ruwan sama yana tsarma wannan duka. Daga Nuwamba zuwa Mayu kuwa babu abin da ke gudana a waɗannan rafuka sai abin da muka zubar. A lokacin ne kuma mai lambu ya fi buƙatarsa. Yana kafa injinsa a bakin rafi, ya ja ruwan zuwa fangalin latas da alayyahu da kabeji da karas, kayan su shigo kasuwa shar da su, mu saya mu yi kwaɗo.

Mu Hausawa ba baƙin duba ruwa ba ne. Duk yaron da ya zauna gaban malami ya karanta Ishmawi ya san abubuwa uku da ake lura da su: launi, ɗanɗano, da wari. In ɗayansu ya sauya saboda najasa, ruwan bai yi alwala ba. Wannan hukuncin tsarki ne, kuma yana nan daram a wurinsa. Sai dai mun ɗauke shi mun kai shi inda ba a aike shi ba, muka mai da shi hukuncin lafiya. Ruwa in ya yi garai-garai, ba wari, ba bauri, sai mu ce mai kyau ne. Ga wani zance kuma da ake yawan ji a bakin rafi, wai ruwa mai gudu ba ya riƙe dauɗa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan ido bai san komai ba. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa dalma a ruwan sha shi ne miligiram 0.01 a lita ɗaya, kuma shi ne ma'aunin Najeriya. A bayyane, giram ɗaya tal na dalma ya ishi jarka dubu huɗu masu lita 25 su kai iyaka. Babu harshen da zai ɗanɗano wannan, babu hancin da zai shinshino shi.

To me mai awon ruwa yake nema in ya tsaya a bakin kogi?

Abu na farko iska ce. Ruwa yana ɗauke da oksijin a narke, da ita kifi da sauran halittun ciki ke numfashi. Ba ta da yawa tun asali: ruwa mai sanyin digiri 20 ba ya riƙe fiye da kamar miligiram 9 a lita, in zafinsa ya kai 30 sai abin ya sauko wajen 7 da rabi. Ke nan kogunanmu a watan Afrilu sun fara ne da ƙarancin jari. Sai ga dagwalo ya shigo: guntun tuwo, jinin mahauta, bayan gida, kitse da tsokar da aka kankare daga fata. Ƙwayoyin halitta 'yan mitsi-mitsi suna far wa wannan abincin, kuma da oksijin ɗin ruwan suke cinsa. In ta sauka ƙasa da miligiram 4 ko 5 kifi ya shiga wahala, in ta kusa ƙarewa sai ruwan ya yi baƙi, ya riƙa tashin warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan warin da kake toshe hanci dominsa in ka zo wucewa ta gada, shaidar ruwan da iskarsa ta ƙare ce. Masu kiwon kifi sun san abin tun kafin a gaya masu: da asuba ne kifi ke tasowa sama suna haki, domin gansakuka tana ba da iska da rana, da dare kuma ta koma tana shan ta. Saboda haka wanda ya auna da azahar da wanda ya auna da asuba, a wuri ɗaya, za su dawo da labari biyu. Kuma ganin tarwaɗa a ruwa ba hujja ba ce, ita tana leƙowa ta shaƙi iskar sama, tana rayuwa a inda karfasa ta daɗe da mutuwa.

Don a san nauyin dagwalon da ruwa ya ɗauko, akwai wani tsohon gwaji da aka fara a Ingila tun farkon ƙarni na 20. A cika kwalba, a auna iskar cikinta, a toshe, a ajiye a duhu kwana 5 a sanyin digiri 20, a sake aunawa. Abin da ya ragu shi ne abin da dagwalon ya ci. Kogi mai lafiya ba ya cin fiye da miligiram 2 ko 3. Ɗanyen ruwan masai yana cin ɗaruruwa, na majema yakan haura dubu.

Sai tsami da kanwa-kanwar ruwa, wanda ake aunawa daga 0 zuwa 14, ana son na sha ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Sai yawan gishirin da ya narke, abin da iyayenmu ke kira zartsi in sun ɗanɗana rijiya ko sun ga sabulu ya ƙi kumfa. A nan bari in ɗan ratse. Akwai wata 'yar na'ura kamar biro da ta yi yawa a hannun mutane yanzu, a tsoma ta a kofi ta nuna lamba, sai a ce maka ka gani, ruwan nan lafiya lau. Abin da take aunawa gishiri ne kawai. Ba ta ganin ƙwayar taifot, ba ta bambanta dalma da gishirin miya. Ruwan da zai kwantar da gida guda da amai da gudawa zai iya ba ta lamba mai kyau.

Ƙarafa masu guba su ne suka sa sunan rafukan Kano ya cika mujallun masana. Jima sana'ar Kano ce tun kaka da kakanni, fatar akuyarmu ta ƙetare Sahara tun kafin Turawa su san hanyar nan. Majemin gargajiya da bagaruwa yake aiki, da toka, da kashin tsuntsaye. Akwai wari, amma abin da ya zubar ƙasa tana iya cinye shi. Masana'antar zamani da farar ƙasa da sinadarin salfaid take tuge gashi, sannan ta jeme fatar da gishirin kuromiyom, shi ne ke ba ta wannan launin shuɗi-shuɗi. Fata ba ta shanye kuromiyom ɗin duka, wajen kashi ɗaya cikin uku yakan bi ruwa ya fita, kuma tan ɗaya na ɗanyar fata yana cin ruwa lita dubbai masu yawa. Ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa. Yana kwanciya a laka, ya zauna a ƙasar lambu, kaɗan-kaɗan ya hau cikin ganye da jikin kifi. Irin kuromiyom ɗin da ake jima da shi bai kai ɗan'uwansa guba ba, amma yana iya rikiɗa zuwa mugun, musamman in an ƙona tarkacen fata, shi kuwa mugun yana cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji. Iyakarsa a ruwan sha miligiram 0.05 ce. Ta kadmiyom, wanda ke fitowa daga batura da fenti da wasu takin zamani, 0.003 ce, domin ƙoda yake ci a hankali.

Mutanen Japan sun sha wannan darasin da ɗaci. A lardin Toyama, wani kamfanin haƙar ma'adinai ya yi shekaru yana sakin kadmiyom cikin Kogin Jinzu, manoma suna ban ruwan shinkafa da shi. Ruwan bai sauya kama ba, shinkafar ta yi kyau. Sai bayan shekaru mata masu yawan haihuwa suka fara kwanciya, ƙoda ta lalace, ƙashi yana karyewa da ɗan motsi. A 1968 ne gwamnatin ƙasar ta amince cewa ruwan ne sila. Mu ma ba sai mun je nesa ba: a 2010 dalma daga aikin zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Can ƙura da ƙasa ne suka fi ɗauko gubar, amma hali ɗaya ne, sai da yara suka fara mutuwa aka zo da na'urar awo.

Malamai da ɗalibai na Jami'ar Bayero da wasu jami'o'in sun sha ɗibar ruwan Tatsawarki da Salanta da Challawa da Jakara da Getsi, da ƙasar lambunan bakinsu, da ganyen da aka noma. Sau da dama sakamakon ya nuna kuromiyom da dalma da kadmiyom sun haura ƙima, musamman da rani, musamman kusa da inda masana'antu ke zubarwa. Don haka ba a rasa sani ba. Abin da aka rasa shi ne ɗorewa, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar.

Ɗalibi yakan ɗebi ruwa wata uku ko shida, ya rubuta kundinsa, a ba shi shaida, kundin ya hau kanta. Bayan shekara biyar wani ya zo ya ɗiba a wani wurin dabam, a wani watan dabam, da wata na'urar dabam. Ba yadda za ka jera sakamakon biyun ka ce abin ƙaruwa yake ko raguwa. Matan da ke zuwa awon ciki Asibitin Malam sun fi kowa gane wannan: awo ɗaya ba ya gaya wa likita komai, katin da aka cike wata bayan wata shi ke nuna inda aka dosa. Kogi ma kati yake buƙata. A zaɓi wurare a kafe: sama da Sharaɗa da ƙasa da ita, inda Salanta ta shiga Tatsawarki, inda Tatsawarki ya shiga Challawa, gaban matatar ruwa da bayanta. A riƙa zuwa kowane wata, rani da damina, har da ranar ruwan farko da ke wanko dattin wata bakwai a yini ɗaya. A riƙa zuwa da dare ma wani lokacin, don a ko'ina a duniya mai son zubar da abin da doka ta hana ba ya yin haka da ƙarfe goma na safiyar Litinin. A haɗa da laka, ita ba ta mantuwa. Ruwan jiya ya wuce, amma abin da ya ɗauko yana kwance a ƙasa.

Aikin kansa yana son natsuwa fiye da yadda ake zato. Mai ɗiba yakan shiga inda ruwa ke gudu, ya fuskanci inda yake fitowa don kada ƙafarsa ta dagula abin da zai ɗiba. Iska da zafi da tsami a nan take ake auna su, ba sa jiran a koma ofis. Kwalbar gwajin ƙarafa ana ɗiga mata ruwan asid don kada ƙarfen ya manne a jikinta. Ta gwajin ƙwayoyin cuta dafaffiya ce, ba a taɓa bakinta da yatsa, ana sa ta a kula mai ƙanƙara a kai ta cikin 'yan sa'o'i. A can a tace mililita 100 ta wata 'yar farar takarda mai ƙananan ƙofofi, a ɗora takardar a faranti mai abincin ƙwayoyin, a sa a ɗumi ta kwana. Da safe duk ƙwayar da ta maƙale ta hayayyafa ta zama ɗigo, a ƙirga da ido. Wadda ake nema ita ce Ikolai, mazauniyar hanji. Ganinta yana nufin bayan gida ya shiga ruwan. A ruwan sha, adadin da aka yarda da shi sifiri ne. In wuta ta ɗauke da tsakar dare kuma ba janareto, aikin jiya ya tashi a banza, shi ya sa maganar awon ruwa ba ta rabuwa da maganar kasafin kuɗi.

Dokoki kam akwai su. An kafa hukumar kare muhalli ta NESREA a 2007, ta fitar da ƙa'idojin masana'antun fata da masaƙu a 2009, da na ingancin ruwan saman ƙasa da na ƙarƙashinta a 2011. Ma'aunin ruwan sha na ƙasa ya fito a 2007, aka sabunta shi a 2015. Ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai hedikwata a Kano, ga Ma'aikatar Muhalli, ga Hukumar Ruwa ta jiha, ga NAFDAC a kan ruwan leda. Kowacce ta riƙe gefe guda na tabarmar. Abin da talaka bai taɓa gani ba shi ne allo, ko sanarwa a rediyo, da ke cewa ga abin da aka samu a Kogin Challawa a watan jiya. Ana karanta mana farashin hatsi a Dawanau, ana karanta hasashen damina. Wannan ma zai karantu. Ƙasashen da ke bakin Kogin Rayin a Turai sai da gobarar wani rumbun sinadarai kusa da Basel ta kashe kifin kogin a 1986 suka ɗaure ɗamara sosai, yanzu tashoshinsu suna awo dare da rana, in an ga wani abu a sama a buga wa na ƙasa waya ya rufe bututunsa. Ba ma buƙatar irin kayansu kafin mu fara. Mota ɗaya da mai a tanki, ma'aikata kaɗan da ake biya a kan kari, da littafin da ba ya ɓata in gwamnati ta sauya, sun isa a soma.

Matatar ruwa tana iya ƙoƙarinta. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ake tace ruwan Challawa ana turo wa birni, kuma dabarar ba ta sauya sosai ba: a zuba alam laka ta dunƙule ta kwanta, a tace ta cikin yashi, a sa kulorin ya kashe ƙwayoyi. Wannan yana maganin laka da cuta. Amma ba a gina irin wannan matatar don cire duk abin da ya narke ba, kuma gwargwadon ƙazantar kogi gwargwadon maganin da za a saya. Bayan haka ga hanya. Duba lungunan Gyaɗi-Gyaɗi ka ga siraran bututai sun bi ta cikin kwata, inda ya fashe an naɗe shi da tsohuwar roba. Muddin ruwa na gudu da ƙarfi, waje yake tsartuwa. Da zarar an ɗauke, bututun ya zama fanko, sai ya zuƙo abin da yake kwance a ciki. Shi ya sa ake so a sami ragowar kulorin, aƙalla miligiram 0.2 a lita, a bakin famfon gida, kuma shi ya sa ruwan farko bayan an daɗe ba a kawo ba bai kamata ya shiga randa ba.

Wanda ya ce shi ba ruwansa da kogi tunda yana da rijiya ko burtsatse, ya sake lissafi. Kano a kan dutse take, ruwan da muke haƙowa yana kwance ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama da cikin tsagoginsa, ba shi da nisa da abin da muke binnewa. Masana suna son a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. Fili mai ƙafa 50 kuwa faɗinsa mita 15 ne da 'yan kai. Ko ka nisanta rijiyarka da shaddarka, ta maƙwabci tana bayan katanga. Abin da ke tsiyayowa daga nan, ban da ƙwayoyin cuta, akwai naitiret, mai iyakar miligiram 50 a lita. Babba ba ya jin komai, amma jaririn da ake dama wa madara da irin wannan ruwan jininsa yakan kasa ɗaukar iska har leɓɓansa su yi shuɗi. Tafasawa tana kashe ƙwayoyi, ba ta taɓa naitiret ko dalma. Ƙara masu kauri ma take yi, tunda ruwa ne ke tashi tururi ya bar su a tukunya.

Wani babban bincike da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017 ya sami Ikolai a ruwan fiye da kashi uku cikin huɗu na wuraren ɗiba, a cikin gida kuwa kusan tara cikin goma. Tazarar da ke tsakani aikin jarka ne da randa da moɗa. Karɓi jarka ɗaya daga kurar ɗan garuwa ka leƙa cikinta da fitilar waya, sau da yawa za ka ga gindinta ya yi kore. Ba mugunta ba ce, bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga, kuma ba wanda ya taɓa ce masa ya wanke da ruwan kulorin.

Wannan ɓangaren shi ne unguwa za ta iya kamawa ba tare da jiran kowa ba. Duk burtsatsen da ke sayar wa 'yan garuwa, da na masallaci, da na makarantar Islamiyya, ruwan ɗaruruwan mutane ne. Kwamitin unguwa da mai unguwa za su iya haɗa kuɗi a kai ruwan ɗakin gwaji na jami'a ko na hukuma sau biyu a shekara, a ƙarshen rani da tsakiyar Agusta. A nemi a duba Ikolai da naitiret, in wurin yana kusa da rafi ko gareji ko bola a ƙara da dalma da kuromiyom. A tabbata takardar tana ɗauke da kwanan wata da sunan wurin da aka ɗiba, a liƙa kwafinta a jikin tankin, a ajiye asalin a hannun mutum ɗaya don a gwada ta da ta baɗi.